Ba A San Mai Ɗinki Ba

Da asuba nake zuwa, ni da tsintsiya da bokiti,
kafin Marwa ta gama miƙa,
kafin 'yan babur su cika gadar Kaliyawo da hayaƙi.
Ta ƙofar baya nake shiga.
Ta gaba ta masu tikiti ce.

Ɗaki na uku, kusurwar gabas,
ga ta can cikin akwatin gilashi,
an sa wa wani gunki marar kai,
an baje mata hannuwa kamar shirwa za ta tashi.
Lantarki a kanta dare da rana,
ita da aka ɗinka a gaban aci-balbal.

Ban iya Faransanci ba.
Autana na jawo ran Lahadi ya karanta mini 'yar takardar.
Ya ce, rigar babban mutum ce,
kyautar iyalan Alhaji Hamajam.
Na ce, sai me?
Ya ce, wai ba a san mai ɗinki ba.

Ba a sani ba!
Wa aka tambaya?

Na san kaɗin. Na kakata Tabawa ne,
wadda ta murza mazari har yatsunta suka yi kanta.
Na san masaƙin, wani gurgu a bakin mayo,
ƙwarya ɗari da shida ya ƙirga mana a tabarma.
Na san karofin, can bayan majema,
yau an cike shi, ana wankin mota a kai.
Aska takwas ɗin nan ta ƙirji kuwa,
wata goma sha ɗaya ubana ya yi a duƙe,
Malam Jatau, a zauren haya,
ni ke zura masa zare a allura
don tun a aska ta biyar idonsa ya fara yana.

Ku duba ƙasan aljihu, kusa da kafa.
Akwai wani ɗan ƙulli da bai bi sahu ba.
Nan allura ta soke shi.
Jini ya ɗiga, ya binne shi da zare,
ya ce, kul kika faɗa.
Shekara arba'in ke nan, ko mijina bai ji ba.

Jaka goma sha biyu aka yi ciniki.
Bakwai aka ba shi.
Saura, in ji Alhaji, sai an sayar da auduga.
An sayar da auduga, an sake sayarwa,
har gonakin suka zama unguwa.
Bai taɓa zura wuyansa a irinta ba, ko don gwaji.
Likkafaninsa alawayyon kanti ne,
shi ma bashi muka ci.

Jiya aka yi taro.
Jikar Alhaji ta zo daga Duwala,
ta sa inji ya buga askar nan a mayafai da jakunkuna.
Jaka ɗaya, jaka sittin,
albashina na wata biyu a rataye a kafaɗar mutum.
Ta ce gadon gidansu ne. Aka yi ta tafi.
Ni ina bayan labule da tsumma
ko wani zai zubar da lemo.
Ban ma iya jin haushinta sosai ba.
Ta gaishe ni da za ta wuce, har da rusunawa,
ta ce sannu, Inna, wurin nan tsaf.

Yau na riga mai gadi tashi.
Na hura wa gilashin numfashi har ya yi gumi,
na sa yatsa, da ajamin da ya koya mini,
na rubuta Jatau daidai saitin ƙullin.
A ƙasa na ƙara: ana bin jaka biyar.

Na tsaya har na ji ƙarar motar darekta.
Ba ya son tabo a gilashi.
Na matse tsumma.